Kwalin jirgin katako na farko: dory, Polaris, Sherbourne, ko ka faɗa Victory kai tsaye?

Duk wanda sha'awar haɗa ƙananan jiragen ruwa na katako ta kama shi, irin waɗanda ake sayarwa a kwali ka zo ka harhaɗa da hannunka, abin da ya fara ɗaukar masa ido shi ne hoton da ke jikin kwalin, kuma kusan kullum hoton HMS Victory ne ko Cutty Sark ko Santa Maria, da igiyoyi birjik da igwogi jere reras. To ni dai abin da zan faɗa maka ɗan'uwa shi ne, hoton nan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Kafin ka tura kuɗinka ka duba yadda ake gina jikin jirgin, ka duba siffar goshinsa, wato gaban jirgin, sannan ka duba littafin bayanin da ke cikin kwalin, don waɗannan su ne za su sa ka gama ko ka tura kwalin ƙarƙashin gado ka manta da shi.

Mu fara da jikin jirgi tunda nan ne yawancin mutane suke karaya. Akwai kwalin da jikin yake zuwa a dunƙule, guntun katako ɗaya da inji ya riga ya sassaƙa shi sama-sama, kamar Phantom na kamfanin Model Shipways na Amurka mai sikeli 1:96, wato an rage girman jirgin gaske sau 96. Mutum yana gani zai ce ai wannan shi ne mai sauƙi, an gama rabin aikin, amma ba haka abin yake ba, domin sai ka zauna da wuƙa da samfefa kana ragewa kana gwadawa da kwalayen awo har hagu da dama su zo daidai, in kuwa ka zarce ka rage fiye da kima to babu mayarwa sai dai ciko. Kuma bayan duk wannan wahalar ba ka koyi jera falanki ba, wanda shi ne ainihin sana'ar. Ni ba na ba sabon shiga shawarar ya bi nan, sai dai in shi dama mai son sassaƙa ne.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a kasuwa. Za ka tarar da ƙashin baya guda ɗaya na filawud ko MDF (allon garin katako da aka matse), da haƙarƙari da aka yanka da leza waɗanda kake sakawa a tsagar ƙashin bayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi su da siraran falankai kana lanƙwasawa kana mannawa har jikin ya rufe. Polaris, Sherbourne, Lady Nelson, Bluenose, Victory, duk a wannan layin suke. A nan ma akwai rabuwa wadda take da muhimmanci ƙwarai, wato rufi ɗaya ko rufi biyu. Kamfanonin Turai irin su OcCre da Artesanía Latina na Sifen da Amati na Italiya yawanci rufi biyu suke yi: na farko katako mai laushi mai ɗan kauri, ka jera shi ko da bai yi kyau ba, ka cike ramuka, ka goge da samfefa har ya yi sumul, sannan ka zo da na biyu siriri kamar takarda, kusan rabin milimita, shi ne wanda ido zai gani. Su kuma Model Shipways sun fi yin rufi ɗaya, abin da ka jera shi ne zai fito, sai dai in fenti ya rufa maka asiri. Mutane suna gardama a kan wanne ya fi sauƙi, masu rufi ɗaya suna cewa me zai sa in yi aiki sau biyu, kuma suna da gaskiyarsu, amma ga wanda hannunsa bai faɗa ba rufi biyu ya fi kwanciyar hankali, saboda na farkon makaranta ce kyauta, duk kuskuren da ka yi a ciki babu wanda zai gani.

Na uku kuma ƙaramin kwale-kwale ne buɗaɗɗe wanda ake gina shi kusan yadda ake gina na gaske, kuma a nan ne dory ya shigo.

Dory kwale-kwalen masunta ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda a da ake jibga su ɗaya cikin ɗaya a kan manyan jiragen kamun kifi da ke zuwa Grand Banks, can gabar Newfoundland ta Kanada, in an isa sai a sauke su ruwa mutum ɗaya ko biyu su shiga su tafi kamun kifin kod. Model Shipways suna da kwalinsa, Lowell Grand Banks Dory, sikeli 1:24, tsawonsa in an gama kusan inci 10 ne kawai, an ɗauko shi daga irin waɗanda shagon Lowell na garin Amesbury a jihar Massachusetts yake ƙerawa, shagon da yake nan tun 1793. David Antscherl ne ya tsara shi a matsayin na farko cikin jerin guda uku na koyo, bayansa sai wani ƙaramin kwale-kwalen Norway mai sikeli 1:12, sai na uku Muscongus Bay Lobster Smack. Falankan gefensa 'yan kaɗan ne, kuma an riga an yanka kowanne da siffarsa, kowane ɗaya yana ɗan hawa kan na ƙasansa, ba sanduna dogaye, ba tarin igiya. Abin da yake koya maka ƙanana ne amma su ne komai: yadda ake goge baƙin ƙunar leza daga gefen katako kafin a sa gam, yadda ake fiƙe gefen falanki a karkace don ya kwanta a kan ɗan'uwansa, yadda ake jiƙa katako a lanƙwasa shi a bar shi ya bushe a wurin kafin a manna. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, in ka gama ka ajiye a falo ba wanda zai shigo ya ce kai, wa ya yi wannan. Kwale-kwale ne ɗan ƙarami. Kuma katakonsa mai laushi ne sosai, in ka matse shi da ƙarfi sai ya lotsa. Amma shi ne mafi arha a cikin waɗanda nake magana a kansu, kwalinsa ƙarami ne mara nauyi wanda hakan ba ƙaramin abu ba ne ga mu da sai an yi mana jigilarsa daga waje an biya kuɗin kwastan, kuma mutum mai aiki yana iya gama shi cikin 'yan makonni da dare-dare.

Polaris na OcCre shi ne wanda nake ganin ya fi dacewa da yawancin mutane, musamman wanda ya san ransa ba zai kwanta ba sai ya ga abu mai kama da jirgi sosai, da sanduna biyu da ƙyallayen iska. Sikelinsa 1:50, rufi biyu ne, kuma babban abin da ya ɗaga shi shi ne bayani, hotuna masu kala mataki-mataki, ga kuma bidiyo da kamfanin ya sa a YouTube tun daga buɗe kwali har ɗaura igiyar ƙarshe, ko Turancinka bai yi ƙarfi ba ido kawai ya ishe ka ka bi. Sai dai ka sani Polaris ba wani jirgi ne na tarihi ba, an tsara shi ne don koyo, to in kai mai son ka ce wannan jirgin ya yi yaƙi kaza a shekara kaza ne ba za ka samu wannan a nan ba. Abu na biyu, hanyar da bayanin nasu yake nuna jera falanki hanya ce ta saukakawa, a jera a miƙe in an samu gurbi a cusa ɗan tsinke mai tsini a cike, yana fitowa da kyau a ido amma ba haka maƙeran jirgi na gaske suke yi ba, kuma in ka saba da ita za ka sha wuya ranar da ka koma jirgi mai rufi ɗaya. Wasu ƙananan kayan ma sun ɗan fi girman da ya kamata. Duk da haka mutum yana gama shi, kuma gamawar nan ita ce ake nema a karon farko.

Sherbourne kuma wani mataki ne daban. Shi jirgi ne na gaske, ƙaramin jirgin sintiri na sojan ruwan Ingila mai sanda ɗaya da aka ƙera a 1763 don farautar 'yan fasa-ƙwauri a gaɓar teku, kuma abin da zai ba ka sha'awa, Thomas Slade da ya zana shi shi ne dai ya zana Victory. Kamfanoni biyu na Ingila suna da shi a sikeli 1:64, Caldercraft da Vanguard Models, na Caldercraft ya daɗe a kasuwa kuma bayaninsa ya fi dogara da zane da rubutu, na Vanguard kuwa sabo ne, Chris Watton ne ya tsara shi musamman don sabon shiga, sassan suna shiga juna daram ba sai ka yi ta fama da magagari ba, littafin hotuna ne shafi bayan shafi, katakon waje kuma na itacen fiya ne mai santsi wanda ba ya tsagewa barkatai. In ka gama shi ka taɓa komai da ake yi a babban jirgin yaƙi amma kaɗan-kaɗan: ka buɗe tagogin igwa, ka ɗora 'yan igwogi a kan kekunansu, ka ɗaure tsanin igiya a sanda guda ɗaya tak. Matsalarsa kuɗi, ya fi Polaris tsada a fili, ga fam na Ingila ba ya wasa. Akwai ɗan'uwansa Lady Nelson na Amati, shi ma 1:64, shi ma Watton ne ya zana shi tun da can, yana da kyau ƙwarai in an gama, amma rubutaccen bayaninsa gajere ne, an ɗauka ka riga ka iya karanta zane. Ni da za a ajiye min su biyun a ce in zaɓar wa ƙanina ɗaya, Sherbourne na Vanguard zan ɗauka ko da kuwa sai na ƙara wata biyu ina tari.

To yanzu Victory. Na san shi ne a ranka, kuma ba laifinka ba ne. An sauke shi ruwa a Chatham ta Ingila a 1765, shi ne jirgin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, yake ciki a yaƙin Trafalgar a 1805 inda aka harbe shi ya mutu, igwa 104 a hawa uku, har yau yana nan a Portsmouth mutane suna shiga kallo. Kusan kowane babban kamfani yana da kwalinsa, na Caldercraft mai sikeli 1:72 ya haura mita ɗaya nesa ba kusa ba, wato tun kafin ka saya ka tambayi kanka ina zan ajiye shi, a wane tebur zan yi aikinsa na shekaru ba tare da yara sun taɓa ba. Eh shekaru na ce, ba watanni ba. Ka lissafa da kanka: kowace igwa sai an haɗa ta an fente ta, waɗanda ke fili sai an ɗaura musu igiyoyinsu, kowace taga sai ta zo a layi ɗaya da 'yan'uwanta a kan jiki mai lanƙwasa, ƙasan jirgin sai an lulluɓe shi da 'yan farantan jan ƙarfe sama da dubu biyu ɗaya bayan ɗaya, tsanin igiya na sanduna uku kuwa ƙulli ne dubbai iri ɗaya kana yi da hantsaki. Ba wai akwai wani mataki guda da ya gagari ɗan Adam ba ne, a'a, yawan ne, da kuma cewa kuskuren da ka yi a watan farko, misali haƙarƙari ɗaya ya ɗan karkace, ba zai nuna kansa ba sai bayan wata shida lokacin da tagogin suka ƙi daidaita, a lokacin kuma ba gyara. Wanda ya fara da shi kamar yaron da aka kai koyon ɗinki ne ranar farko ya ce shi babbar riga mai aska takwas zai fara. Ka bar shi ya zama na uku ko na huɗu, yana nan ba inda za shi.

Maganar goshi da na ambata a sama, ga abin da nake nufi. Ka kalli jirgi ta sama. In gabansa ya tafi a hankali ya tsuke kamar na Bluenose, falanki zai bi shi da ɗan lanƙwasa kaɗan ba gardama. In kuwa gaban a dunƙule yake kamar na Victory ko Bounty ko Endeavour na Kyaftin Cook, wanda asalinsa jirgin dakon gawayin kwal ne, to falankin sai ya lanƙwasa sosai a ɗan gajeren wuri kuma yana murɗewa a lokaci guda, nan ne za ka ji ƙas, ya karye a hannunka. Dalili kuwa a fili yake, cikin jirgi a tsakiya ya fi faɗi, goshi ya fi tsukewa, amma adadin falankan ɗaya ne, dole kowanne a rage masa faɗi yayin da yake tafiya gaba. Yadda ake yi, ka ɗauki siririyar takarda ka auna gefen haƙarƙarin tsakiya daga sama zuwa ƙasa, ka raba da faɗin falanki ka san guda nawa za su shiga, sannan ka auna kowane haƙarƙari ka raba da wannan adadin, abin da ya fito shi ne faɗin falankin a daidai wurin, ka sa alama da fensir ka rage da reza da samfefa. Ƙa'idar da masu abin suke bi ita ce kar a rage falanki ya gaza rabin faɗinsa. Kuma kafin duk wannan sai ka goge gefunan haƙarƙarin a karkace har in ka ɗora falanki ya kwanta a kan dukkan kaurin ba a kan kaifin gefe ɗaya ba, wannan gogewar mutane suna gudunta saboda gajiya, amma ita ce take raba jiki mai sumul da mai ƙusumbi. Santa Maria da ake yawan tallatawa sababbi saboda igiyoyinta ba su da yawa, goshinta ba na sabon shiga ba ne, ka lura da wannan.

Shi ya sa Bluenose yake da daɗi a matsayin jirgi na biyu. Jirgin kamun kifi ne kuma na tsere da aka sauke a Lunenburg ta Nova Scotia a Kanada a 1921, William Roué ya zana shi, hotonsa ne a kan kwabon senti goma na Kanada tun 1937, ya nutse kusa da Haiti a 1946. Jikinsa dogo ne siriri, fenti ake masa saboda haka ciko ba ya nunawa, babu igwa ko ɗaya, kuma a kansa akwai 'yan dory a jibge, ka ga wanda ya fara da dory ya riga ya san su. Na Model Shipways mai 1:64 zanensa yana da kyau sosai amma abubuwa da yawa kai za ka ƙera su daga tsinken katako da waya, ba a yanko maka ba.

Sikeli ma kar ya ruɗe ka. 1:64 yana nufin santimita 64 a jirgin gaske ya zama santimita 1 a naka, wato duk lokacin da lambar ta ƙaru kayan suna ƙara ƙanƙancewa. Mutane suna ɗauka 1:100 ya fi sauƙi tunda ƙarami ne, alhali shi ne mai cin ido da yatsa. Tsakanin 1:24 zuwa 1:64 nan ne hannu yake sakewa.

Akwai kuma kwalayen nan masu arha sosai marasa sunan kamfani da ake gani a kasuwannin intanet, hoto mai kyau, farashi kamar kyauta. Na fahimci jan hankalinsu wallahi, musamman yadda canji yake yanzu, amma yawancinsu takarda ɗaya ko biyu ce bayanin, filawud ɗin yana ɓarewa, wasu kuma kwafin aikin wasu ne aka ɗauka ba izini. Wanda ya iya zai iya gyara su ya fitar da abu, sabon shiga kuwa ba zai gane ko shi ne bai iya ba ko kayan ne ba su da kyau, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da hannu, ya bar abin gaba ɗaya, wannan kuwa asara ce da ta fi kuɗin.

Kayan aiki ba sai ka sayi na musamman ba a farko. Wuƙa mai canjin reza, samfefa mai kaushi da mai laushi, ƙaramin magagari, hantsaki, filaya ƙarama, 'yan maƙalan shanya tufafi da robar ɗaure kuɗi don matsewa, farin gam na kafinta irin Top Bond ya isa kusan duk aikin katako kuma yana ba ka lokacin gyarawa, supa gulu ka bar shi sai wurin ƙarfe ko inda ba ya matsuwa, don yana tabo a katako kuma banish ba ya kama wurin. Lanƙwasa falanki kuwa ka jiƙa shi a ruwan ɗumi ka bi shi da dutsen guga a kan gwangwani ko kwalba, zafin ne yake sa ya riƙe siffar. Wani abin daɗi, sapele da kamfanonin Sifen suke yawan sawa a rufi na biyu, da obeche da ake samu a kwalayen Billing Boats na Denmark, itatuwan dazukan kudancin Najeriya da Ghana da Kamaru ne, kafintocinmu sun san su sarai, in falanki ya ƙare maka kana iya samun guntu a 'yan katako a tsaga maka.

Sai ka yi hattara da yanayinmu, don kwalayen nan an shirya su ne a ƙasashe masu laima. In ya iso a hunturu kar ka fara aiki ranar, ka buɗe shi ka bar katakon ya sha iskar ɗakin na wasu kwanaki, ƙashin bayan kuma ka kwantar da shi a kan abu mai shafe ka ɗora masa littattafai masu nauyi don kar ya bankare, in ya bankare ka gina a kai to jirgin gaba ɗaya zai fito a karkace. Falankin da ka jiƙa ka bar shi ya bushe sarai kafin ka manna, in ba haka ba zai tsuke daga baya ya bar maka tsaga tsakaninsa da na kusa. Zaren auduga yana ɗamewa da damina ya saki da rani, saboda haka kar ka ja igiyoyin kamar tsirkiya, ka bi zaren da kakin zuma kafin ka ɗaura yana kwantar da gashinsa. Kuma tun kana auna tsawon jirgin da za ka saya ka sa kuɗin akwatin gilashi a lissafi, domin ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin igiyoyi ba ta fita da tsumma, sai da burushi mai laushi zare bayan zare, akwatin dory ko Sherbourne kowane mai yankan gilashi a unguwa zai haɗa maka, na Victory kuwa sai an kira kafinta ya yi masa teburinsa daban.